Jirgin da Ya Bushe a Harabar Kotu

Karatuna a aji uku ya tsaya, shi ma ukun sau biyu na yi shi. Abin da na iya a duniya fito ne. Tun ina saurayi nake tsallakar da mutane ruwa a fadamarmu, tsakanin ƙauyenmu da hanyar Auyo. Idan damina ta yi nisa kogin Haɗeja ya tumbatsa, hanyar nan da babura ke bi da rani sai ta nutse, mai zuwa kasuwa da mai zuwa asibiti duk sai sun biyo ta hannuna. Watannin ruwan nan su ne shekarata. Abin da na samu a cikinsu shi muke ci har wata daminar.

Jirgina na katako ne. Shanun huɗar da na gada na sayar, wani kafinta a Haɗeja ya ƙera mini shi. Yana ɗaukar babura huɗu da masu su, a ɗora buhunan shinkafa, mata su zauna a kai da kwandunan kifi, ni ina baya da gora ina tunkuɗawa ina yi wa kowa tsiya. Ban taɓa kifar da ko kaza ba. Matata takan ce da jirgin nan zai iya tuƙa tuwo da tuni na sallame ta. Ban taɓa musa mata ba.

Mu masu fito muna da al'ada, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta. Duk shekara inda hanya ta mutu a cikin ruwa, nan ne bakin fito. Wanda ya riga kafa turkensa a wurin ya ɗaure jirgi, wurin ya zama nasa har ruwa ya janye. Wani ba ya ɗaure jirgi a nan, ba ya ɗaukar fasinja a nan, kuma ba a taɓa turken mutum. Shekara da shekaru turkena a gindin wata giginya yake, a filin da ba na kowa ba, don haka ban taɓa jin kaina da kowa ba.

Sai shekarar da kacalla ta toshe tsohuwar hanyar ruwa. Wannan ciyawa in ta kama wuri ko kada ba ya ratsa ta. Ruwa ya zo bai samu hanyarsa ba, ya fasa ta gabas, ya haye gonar shinkafar taubashina ya shanye fiye da rabinta. Giginyata ta koma tsakiyar ruwa. Hanyar babura kuwa ta zo ta mutu daidai cikin abin da ya rage na gonarsa. Ni kuma da sassafe na saɓa turkena na je na kafa a nan, tunda nan hanya ta mutu.

Taubashin nan nawa ɗan kawuna ne, wan mahaifiyata. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawansa yake kirana. Tare aka yi mana kaciya. Duk garin an san wasanmu ba shi da kyau: ya taɓa kwance mini akuya ranar suna ya kai kasuwa, ni kuma na taɓa barinsa a tsibiri da buhun takinsa tun hantsi har la'asar. Dariya ake yi, mu ma dariya muke yi.

Da ya zo ya tarar da turkena a gonarsa, ya tsaya ruwa iya gwiwa yana kallon kan shinkafarsa na lilo a ƙarƙashin ruwa. Ni kuma ina loda babura.

Ya ce, “Kai bawa, wa ya ba ka izinin kafa icce a gonar ubangidanka?”

Na ce, “Wace gonar? Ni ruwa na gani. In kana da gona a ƙarƙashi ka nutsa ka ɗauke abarka.”

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Da ina da hankali da na lura, amma ni idan aka yi dariyar maganata sai in ji kamar an zuba mini fetur. Kullum ya zo duba ɓarnar sai na ƙara masa. In ce ya kawo lauje mu yanki tarwaɗa. In ce bana shinkafarsa a jiƙe za ta zo, an rage wa matansa aiki. Mutum yana kallon abincin shekararsa yana ruɓewa, ni ina karɓar kuɗin fito a kansa ina waƙa.

Sai taubashina ya sayar da raƙumar huɗarsa, ya tafi wajen Guri ya sayo wani tsohon jirgi, ya damƙa wa babban ɗansa. Ɗan nan nasa ƙato ne, magidanci, wuyansa kamar turmi. Baba yake ce mini, kuma bai taɓa gaishe ni a tsaye ba.

Ranar kasuwar Auyo na iso bakin fito na tarar an tumɓuke turkena an jefar cikin laka, jirgina yana yawo a gefe, nasu a ɗaure a wurin. Taubashina yana tsaye da gatari a kafaɗa, da shi ya kafa nasa turken. Mutane sun taru da kaya suna jira.

Na ce, “Wa ya taɓa mini turke?”

Ya ce, “Mai gona.”

Na shiga ruwa na jawo jirgina na hau, na ɗauki gora. Na ce ya cire iccensa. Ya ce in zo in cire. Wallahi har lokacin mutane dariya suke yi. Wani ɗan acaɓa ya zaro waya yana ɗauka yana cewa yau tsofaffi za su ba mu nishaɗi. Wata mai kifi ta ce, “Ku yi ku gama wasanku, rana na yi.” Ba wanda ya matso, don ba a shiga tsakanin taubasai.

Ya sa hannu ya riƙe bakin jirgina zai tura shi. Na juya gorar na kai masa da gindinta, wajen da aka ɗaure da ƙarfe. Kafaɗa na nufa, ya ɗago kai, ta same shi a baki. Na ji ƙarar a hannuna kafin in ji ta a kunne, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Ya zauna cikin ruwa. Ya buɗe baki, jini ya zubo a gemunsa, ya tofar da haƙora a tafin hannunsa yana kallonsu. Wasu ma dariyar ba ta gama fita daga bakinsu ba.

Ban ga tahowar ɗansa ba. Filafilin tuƙa jirgi ya sauke mini a kafaɗar dama, na ji ƙashi ya ce ƙas, hannun ya saki gorar da kansa. Na biyu ya same ni a ƙeya. Na faɗa ruwa, ya biyo ni, ya kama wuyan rigata ya danna kaina cikin laka. Na sha ruwan gonar nan har da ruɓaɓɓiyar shinkafa. Ya ɗago ni, na ja numfashi rabi, ya ce, “Yi haƙuri Baba,” ya sake dannawa. Har yau ina jin muryar, a natse, kamar zai miƙo mini buta. Ina shure-shure ina yaƙushin ƙafarsa da hannun da ya rage, idona a buɗe, ba na ganin komai sai ja. Sai da mata suka fara kururuwa sannan maza suka gane ba wasa ba ne. Mutum biyar suka ɓamɓare shi daga kaina.

Suka ja ni tudu ina aman laka. Daga nan kwance na ga taubashina ya miƙe, gaban rigarsa jajir, ya ɗauki gatarin. Na ɗauka ni zai sara, mutane ma suka watse. Sai ya wuce ni ya nufi jirgina. Ya ɗaga ya sara a goshi. Ya sake. Ya sake. Kowane sara sai ya yi wani gurnani ta cikin jinin, katako na tashi. Karayar kafaɗata ban yi kuka ba, amma a nan na yi ihu kamar mace mai naƙuda, ina cewa ku riƙe shi, ku riƙe shi. Wani babur da aka jingina a jikin jirgin ya sulale ya nutse, mai shi ya ɗora hannu a ka.

Mai ɗori ya ɗaure ni da kara da tsumma. Kafinta ya zo ya duba jirgin ya ce saran duk a saman ruwa suke, bai taɓa ciki ba. Ya ce langa-langa da ƙusa da kwalta kawai, kafin la'asar zai gama, gobe a koma aiki, in samu wani ya riƙe mini gora kafin in warke.

Bulama, mai garinmu, ya kira mu zaurensa. Taubashina ya zo baki a kumbure kamar an cusa masa mangwaro. Bulama ya ce abin kunya ne, jini ɗaya, furfura a ka. Ya ce a mayar da turkena, amma a raba kwanaki, yau ni gobe su, har ruwa ya janye.

Na ce, “Ranka ya daɗe, a raba me? Turke nawa, kafaɗa tawa, jirgi nawa. Sai dai alƙali ya raba mu.”

Matata ta ce, “Malam, ka bari a liƙe jirgin nan. Ruwa ba zai jira ka ba.”

Na ce mata harkar shari'a ba ta mata ba ce. Ni da ban taɓa taka ƙofar kotu ba.

Akwai wani mutum a teburin mai shayinmu, ya taɓa yin gadi a ofishin wani lauya a Kano, saboda haka duk wata maganar doka shi ake tambaya. Ya ce mini kul na bari kafinta ya taɓa jirgin. Ya ce saran nan shi ne shaidata, in an liƙe shi shari'a ta mutu. Ya ce in kai shi gaban hukuma yadda yake, alƙali na gani zai ɗaure su, a ba ni wurin, a ba ni har nasu jirgin. Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na sallami kafinta. Na ɗauko amalanken shanu, majiya ƙarfi suka ciccibi jirgina daga ruwa, a tsakiyar kakar fito, aka ɗaure shi da igiya. Na zauna a kai da hannu a rataye muka nufi Haɗeja, ina ɗaga wa mutane hannun hagu kamar wanda ya ci zaɓe.

A caji ofis wani saje mai tumbi ya zagaya jirgin ya leƙa saran, ya ce, “Baba, kai ka kawo wannan da kanka?”

Na ce, “Ni ne, Yallaɓai. Don a gani da ido.”

Ya ce, “To an gani. Ya zama ezibit.”

Na tambaye shi mene ne haka. Ya ce kayan shaida ne, ba mai taɓa shi sai an gama shari'a. Na ce madalla, abin da nake so ke nan. A zatona shari'a kamar sallar Juma'a ce, a taru a yi a watse.

Ina cikin ba da bayani sai ga taubashina da ɗansa, shi ma ya kawo tasa shaidar a ƙulle a bakin rawani. Ya kwance ya zube haƙora a kan kanta. Saje ya dubi haƙora, ya dubi kafaɗata, ya ce duk mu cire hula da takalmi. Ɗaki ɗaya aka zuba mu mu uku. Ko zama ban yi ba taubashina ya kai mini naushi daidai kan ɗorin. Na ga wuta. Na sa goshi na daki bakin nan da ya kumbura, ya ɓarke sabo, jini har bango. Ɗan ya shaƙe ni ta baya ya ɗaga ni sama, ƙafafuna na lilo. Sai da kofur ya shigo da kulki ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, bai tambayi wa ya fara ba. Ɓarayin da muka tarar a ciki suka matsa lungu guda suna cewa a fitar da tsofaffin nan kafin su kashe wani.

Bulama ya yi belinmu. Aka tura magana kotu, aka kwashi jirgina aka kai harabar kotun aka ajiye a ƙasa, jikin katanga, inda ba inuwa.

Zaman farko alƙali ya saurare mu, ya ce kafin a gama shari'a kada ɗayanmu ya ɗaure jirgi a wurin, ya ɗaga zama. Kafin mako ya zagayo wasu samari daga wani ƙauye sun kawo jirgi mai inji sun kafa turke can ƙasa kaɗan, babura suka fasa sabuwar hanya zuwa wurinsu. Ni da taubashina muka zama 'yan kallo.

Zama na biyu shaidu ba su zo ba, kowa ya ce shi wasa ya gani. Na uku ɗan acaɓan da ya ɗauka a waya ya ce wayar ta faɗa ruwa. Na huɗu alƙali ya tafi taro. Daga nan ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki, aka sa kwaɗo a ƙofa, ina leƙen jirgina ta ramin katanga.

Jirgin katako ruwa ne ransa. Yana ciki katako ya kumbura ya matse, ko allura ba ta shiga. Ka fitar da shi ka bar shi a rana, sai ya fara ja da baya, haɗin ya buɗe, kwalta ta narke ta zube, ƙusa ta yi sako-sako. Da aka buɗe kotu na je na sa yatsa a tsakanin katako biyu, ya shige. Na shiga wurin magatakarda na ce a ba ni jirgina in mayar ruwa, duk ranar zama in kawo shi. Ya ce ba shi da iko. Na faɗa wa alƙali a zama na gaba.

Ya ce, “Kai ka gabatar da shi shaida?”

“Ni ne, Allah ya gafarta Malam.”

“Kana so ka janye ƙarar saran? In ka janye, yau ka tafi da shi.”

Na waiwaya na ga taubashina yana murmushi da wawulonsa. Na ce ban janye ba.

Sai na shiga ba jirgi ruwa. Kullum in hau babur zuwa Haɗeja, in tare 'yan garuwa, a juye jarkoki a ciki da waje, in jiƙa buhunan algarara in lulluɓe shi. Abin da muka tanada na abinci ya tafi a ruwan garuwa. Masinjan kotu ya yi ta faɗa wai na mayar musu da haraba fadama. Masu jiran shari'a suka samu wurin zama mai sanyi, masu sakin aure a goshi, masu rigimar gado a baya. Wata mai awara ta kafa kaskonta a jikinsa. Na kori akuya daga ciki ban san iyaka ba. Matata ta daina yi mini magana a kai, sai dai in na fito da safe ta ce, “A gai da mara lafiya.”

Ruwa ya janye, sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Sannan alƙali ya ce zai je ya ga wurin da ake rigima a kai da idonsa, a kira Sarkin ruwa ya yi bayanin al'adar turke.

Muka je, alƙali da magatakarda da ɗan sanda guda, da Bulama, da rabin gari. Babu ruwa ko na alwala. Inda na sha laka albasa ce kore shar, kwami bayan kwami, injin ban-ruwa na ta bugawa. Ambaliyar da ta cinye masa shinkafa ta bar masa ƙasa mai kyau, albasar nan kowace kamar kan jariri. Wato shi ya samu abin da zai ci. Ni nawa yana jikin katanga yana tsagewa.

Alƙali ya ce in nuna inda turkena yake. Na shiga cikin albasa ina dube-dube, na tsaya a wani wuri na ce nan ne.

Taubashina ya ce, “Bawa, sauka daga kan albasata.” Da yake ba haƙoran gaba, maganar da iska take fita.

Na ce, “A bakin fitona nake tsaye.” Na sa dunduniya na murje guda. Na sake murje wata, ina kallonsa.

Fartanya ce a hannunsa. Ya wurgo ta, ƙotar ta same ni a gira, fatar ta tsage, jini ya rufe mini ido ɗaya. Ya taho da gudu irin na tsofaffi, muka rungumi juna muka faɗi cikin kwami. Ya hau kaina yana cusa mini ƙasa a baki, yana danna gwiwa a kafaɗar da ta karye. Hannun dama ba ya aiki, na hagu yana ƙarƙashina. Abin da ya rage mini haƙori ne, kuma a nan na fi shi. Na kama kunnensa na datse. Ya yi ƙara, ya yi ta dukan haƙarƙarina, ban saki ba sai da na ji guntun ya rabu a bakina, gishiri-gishiri. Shi ma ya kai mini cizo a wuya, sai dasashi, kamar ɗan maraƙi na tsotsa. Ɗansa ya zaro bututun injin ya yi kaina, ɗan sanda ya harba bindiga sama, jama'a suka tattake albasar da gudu. Na ɗago na ga alƙali ya tattare babbar rigarsa yana tsaye a kan kunyar gona, hularsa a ƙasa.

Gidan yari ya tura mu duka biyun saboda raina kotu, wannan karon ɗaki daban-daban. Mun sha wake da tsakuwa har aka fara hadari. Duk zaman nan ba abin da nake tunani sai wa ke ba jirgina ruwa. Ba kowa.

Ranar hukunci aka kawo mu, shi da kunne a naɗe, ni da gira a ɗinke. Alƙali ya ce ya ji bayanin Sarkin ruwa. Ƙasa ta mai gona ce, ba mai taka masa shuka. Amma idan ruwa ya rufe ta hanya ta mutu a nan, al'adar masu fito tana nan: wanda ya riga kafa turke shi ke da bakin fito, kuma ni na riga, an kuma tumɓuke mini ba bisa ƙa'ida ba, don haka damina mai zuwa ni ke da wurin. Raunuka kuwa, haƙora da kunne a gefe guda, kafaɗa da gira da saran jirgi a gefe guda, ya ce mu yafi juna ko ya buɗe sabon shafi a kan kowa. Muka ce mun yafe, ba wanda ya dubi wani.

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, wato na ci?”

Ya ce, “Ka ci. Je ka ɗauki jirginka, ka fitar mini da shi daga haraba.”

Na fito ina taku ɗai-ɗai. Na aika aka kira amalanke, na tara majiya ƙarfi, na ce a yi a hankali. Daga sama jirgin ya yi fari, haɗin ya buɗe har kana hango ƙasa, amma na ce ba komai, mako guda a ruwa zai koma. Suka kama goshi da baya suka ce bismilla suka ɗaga. Gefe biyun suka taso a hannunsu. Cikin ya zauna a ƙasa.

Gara ce. Ruwan da na yi wata da watanni ina zubawa ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, wuri ya yi sanyi da laima a tsakiyar rani, garar unguwar kaf ta tare a nan. Ta cinye katakon ciki daga ƙasa ta bar fatar sama kamar takarda. Na durƙusa na sa hannu, ya zama gari. Suna ta zirga-zirga farare, sun yi ƙiba. Ni na shayar da su da kuɗin tuwon gidana.

Masinja ya ce in kwashe har garin, kada in bar musu shara. Mai awara ta tambaya ko zan bar mata guntayen ta hura wuta. Na bar mata. Katakon goshi kawai na ɗauka, mai saran gatarin, shi gara ba ta kai gare shi ba. Na saɓa shi a kafaɗar hagu na hau babur. Da na shiga gida matata ta dubi katakon ta dube ni, ta ce, “Shi ke nan abin da ya rage?” Na ce mun ci shari'a. Ta ce to bari ta ɗora shi a wuta mu ci.

Da ruwa ya sauko ya sake biyowa ta gonar. Na feƙe katakon nan na je na kafa shi inda hanya ta mutu. Na zauna a gindinsa, turke ba jirgi. Can gefe ga taubashina zaune a cikin jirginsa, ba shi da ikon ɗaurewa. Babura suna zuwa su dube ni su dube shi, su wuce wurin masu inji. Mun yi kwanaki a haka.

Wata safiya ɗan ya tuƙo jirgin ya matso, ya durƙusa a ciki ya gaishe ni, ya miƙo igiya. Na daɗe ina kallonta. Gidana babu hatsi, kafaɗata ko tulu ba ta ɗauka balle gora. Na karɓa na ɗaure a jikin saran ubansa.

Haka muke har yau. Jirgi nasu, turke nawa, ɗan ke tuƙi, ni ke karɓar kuɗi, da yamma a raba a gaban Bulama don ba mu yarda da juna ba. Taubashina yakan zo ya tsaya a tudu ya ce, “Bawa, an ci kasuwa?” In ce ya matso da kunnen kirkin in gaya masa. Fasinjoji ba sa dariya yanzu, sai dai su riƙa duban inda gora take. Ni kuma a goshi nake zama, fuskata na kallon baya. Mutane sun ɗauka don in ƙirga fasinja ne. Ɗan nan har gobe Baba yake ce mini, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma in muka kai tsakiyar ruwa inda gora ba ta taɓa ƙasa, ba na ba shi ƙeyata.